Ban Ba Alhaji Notis Ba, Shi Ya Ba Ni Jini

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko mutuwa na yi ko waya ce ta lalace, ga ni da raina. Saura ƙiris dai.

Ni ne Sale tela na bakin kasuwar Gezawa. Da murɗar ciki abin ya fara, na ce wake ne. Matata Rabi ta jiƙa mini kanwa, ciwo ya ƙaru.

A asibiti aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Afendis ne, ya fashe. Sai tiyata, kuma a nemo jini."

Wallahi na tsorata. Rabi ta sayar da tunkiyarta da geron da muka ajiye.

A makon da aka kwantar da ni kuma shekarar hayar shagona ta cika. Na riga na yanke shawarar tashi, don tun da tsadar nan ta zo faci kawai ake kawo mini. Amma ban faɗa wa mai shagon, Alhaji Bala, ba. Yarjejeniyarmu kuwa a sanar da shi saura wata guda.

Ina kwance ana neman jini, sai ga Alhaji. Na rufe ido, na saki baki kamar na suma.

Nas ta ce, "Yanzun nan fa yake magana."

Alhaji ya ce, "Ƙyale shi, na san halinsa. Me ake buƙata?"

An gwada jinin ƙannena duka, bai dace ba. Na Alhaji ne ya dace.

Da na farfaɗo bayan tiyata, fuskarsa na fara gani.

Ya ce, "Sannu Sale. Kada ka kuskura ka mutu, kekenka na cikin shagona. Ga jinina ma a jikinka ba ko sisi."

Na yi dariya, ɗinki ya ja ni, na kurma ihu. Nas ta kore shi.

Bayan an sallame ni na faɗa wa Alhaji zan tashi, sai mai unguwa ya zaunar da mu. Aka ce in biya kuɗin wata ɗayan da ban sanar ba, in kwashe kayana. Alhaji ya ce sai ƙafata ta yi ƙwari. Na biya, na tashi, yanzu a zauren gida nake ɗinki.

Alhamdulillah. Allah ya saka wa Rabi, da likitoci, da duk wanda ya yi addu'a.

Shawarata: ciwon ciki ya ƙi lafawa, a bar kanwa a tafi asibiti. In kuma za ku bar haya, ku sanar da wuri.

Ni dai yanzu ko Alhaji ya ɓata mini rai, sai in rasa da wane jinin zan yi fushi.