Baƙuwar da Ba Ta Shan Ruwa da Rani

Duk Furfuri, a zamanin da jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, babu gidan da ake tatsuniya kamar namu. Na san kowa haka yake faɗi game da gidansu, to amma sauran ƙarya suke yi. Da an sha miyar tuwon magariba sai mu kewaye wutar kara a tsakar gida, kakarmu Inna Tumba ta miƙe ƙafa. 'Yar mitsitsiya ce, in ta zauna bayan turmi sai a yi cigiyarta har Bungudu, amma in ta buɗe baki ko akuya tana daina tuƙa. Ni take kira Maigida, irin wasan jika da kaka, kullum tana ƙorafin ta auri rago mai cin rabon mutum uku.

Inna tana da wani tsohon madambaci da ba a dafa komai a cikinsa. Ta cika shi da tsakuwa da yashi da ruɓaɓɓen ganye, ta binne wasu 'yan ƙulalai masu kama da rizga. Mutane na ce musu albasar kwaɗi, kamar yadda suke kiran duk wata albasar daji, ita kuwa Baƙuwa take cewa. Daga duwatsun Tsafe ta zo da ita, ƙulle a bakin zane, daga ƙauyensu da ya watse bayan mutane sun sauko daga dutse. Abin da ya rage mata na garinsu ke nan. Shekaru sun ɗan ja Baƙuwa ba ta yi fure ba, ganye kawai, ga shi kuma yanar ido ta fara rufe idanun Inna. A fili take faɗi cewa roƙonta ɗaya ne, ta sake ganin furen kafin duhu ya gama shigowa.

Mahaifina Malam Bawa mutum ne da ko inuwa ta gifta ƙofar gidanmu sai ya sa an kai mata ruwa. Da ya ga rani ya tsananta, madambacin yana ƙarƙashin rumbu a bushe ƙamas, sai tausayin uwarsa ya kama shi, ya ɗauko tulu da kansa. Inna ba ta gan shi ba, ƙarar ruwan ta ji.

Ta ce, "Bawa, in ka zuba mata ruwan nan, ni ka kashe."

Ya tsaya da tulu a hannu. Ita kuwa ta lalubo busasshiyar ciyawa, ta baza a bakin madambacin, ta sa ni na kawo mata garwashi, ta cinna. Wuta ta yi bal ta mutu, ta bar baƙar toka. Baba ya juya yana faɗa wa mahaifiyata cewa hankalin tsohuwa ya fara bin idanunta.

A wannan maraicen, Baba da bai taɓa zaman tatsuniya ba tun da ya yi gemu, sai ga shi can gefe yana tufkar igiyar da ba wanda ya roƙe shi. Inna ta yi kamar ba ta san yana nan ba. Ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Muka ce ta zo ta zauna.

Wai wani maharbi ne, bayan an ƙone daji, ya tarar da fure guda tsaye a tsakiyar toka, babu ganye, babu ɗan'uwa. Kyansa ya sa ya manta da gadar da yake bi. Ya haƙo shi ya kawo gida, ya ce ya yi baƙuwa. Ya yi mata abin da kowane mutumin kirki yake yi wa baƙo: ruwa da safe, ruwa da rana, ruwa da yamma. Ya ba ta tukunya sabuwa marar huda, ya zuba mata takin shanu, ya kai ta cikin ɗaki don kada rana ta taɓa ta. Baƙuwa tana jin nauyinsa, ba ta iya cewa ya isa. Da ta sunkuyar da kai sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. A nan Inna ta rage murya har sai da muka matso kamar za mu faɗa wutar. Ranar da Baƙuwa za ta ruɓe ta yi magana sau ɗaya tak.

"Maharbi, ka ba ni duk abin da kake so. Ba ka tambaye ni mi muke ci a gidanmu ba."

Ɗan guntun da bai ruɓe ba, maharbin ya jefar bayan danga cikin kasko fasasshe. Rani ya gasa shi, gobara ta lashe dangar, kowa ya manta. Ranar da iskar ruwan farko ta kaɗa, sai ga Baƙuwa tsaye. Inna ta tafa hannu ta ce ta ƙare, kusu ya kwashe sauran. Igiyar Baba kuwa ta yi tsawon da za ta ɗaure jaki a Magami yana cin ciyawa a Tsafe. Tun daga ranar tulu bai sake kusantar rumbun ba.

Bazara ta shigo da zafin da kaza ke neman inuwar ɗan tsako. Kullum Inna na lalubar tokar da yatsa, ba komai. Idanun kuwa sai ƙara fari suke yi, har ta fara gaida turmi tana zaton mahaifiyata ce. Na ga Baba yana ta zagaya rumbun. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta sa aka fito da madambacin inda rana ke samunsa da hantsi. Yayyafi ya sauka sau ɗaya, ƙasa ta yi ƙamshi. Bayan 'yan kwanaki yatsanta ya ci karo da tsiro.

Kara ne guda, babu ganye ko ɗaya. Ni dai na rantse ina jin ƙarar tsawonsa, ko da yake ba wanda ya yarda da ni. Da ya kai kamu ɗaya da wani abu, wata safiya ya buɗe. Na ga kasuwanni tun daga nan, na ga rigunan da aka yi shekara ana yi musu aiki, ban ga kamarsa ba. Furanni ne jere a kan karan, shunayya mai haske, kowanne da kunnuwa a tsaye kamar na zomo, da leɓe a ƙasa mai zane-zane kamar an yi da allura. Duk wannan daga toka da tsakuwa.

Baba ne ya ɗauki madambacin ya kai mata har gaban fuska, ya juya shi wajen rana. Ta daɗe tana kallo, hancinta na taɓa furen.

Ta ce, "Na gane ta. Hakanan take a bayan ɗakin innata." Can ta juyo wajena. "Maigida, rufe bakinka, ƙuda za su yi gida."

Kafin lokacin girbi ya yi, idanun sun rufe gaba ɗaya. Matan gida suka shirya zaunar da ita, a yi mata komai har ɗaura zane. Baba ya hana, ya ce a tambaye ta tukuna. Aka tambaya, ta ce a ba ta audugarta da mazarinta a ƙyale ta. Ta yi shekaru tana kaɗi, zarenta ya fi na masu ido.

Yanzu ga ni da furfura da tumbi, ina da jerin tukwane masu huda a bayan ɗakina a Gusau, duk jikokin Baƙuwa. Maƙwabta na cewa rowata ta kai ga hana ciyawa ruwa. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar kan fure take. Sai da na haifi 'ya'ya, na riƙe tsofaffi, na gane maharbin ba mugu ba ne, ya fi yawancinmu kirki. Har yau in rani ya yi, nakan tsaya gaban tukwanen da buta cike a hannu, hannun yana ƙaiƙayi, in wuce in yi alwala da ruwan.