Amyar Ƙarshe ta Kawu Manu

Ina kan keken ɗinki a kasuwar Lolo ƙanwata Hajo ta kira ni. Ko sallama ba ta iya yi ba, sai ta ce, "Yaya, Kawu Manu ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe riƙe da almakashi ban san abin da zan yanka ba.

Kawu Manu ƙanen mahaifiyata ne, kuma zuma ce sana'arsa. A kurmin da ke ƙetaren tafkin garinmu yake rataye amyarsa, wadda yake saƙawa da ciyawa ya shafe da kashin shanu. Bai taɓa kwashe wa ƙudan zuma saƙarsu kakaf ba. Yakan ce, "Mai aiki shi ka fara ci."

Bara da rani masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta, iska ta kwashe ta zuwa kurmin. Amya ko ɗaya ba ta tsira ba. Ranar na fara ganin hawayen Kawu, amma bai zagi kowa ba.

Lokacin ciwon ƙirji ya riga ya ci ƙarfinsa, ba ya iya riƙe filafilin tuƙa kwalekwale. Sai na zama mai tuƙa shi zuwa kurmin duk Juma'a bayan masallaci, yana zaune a goshin kwalekwale yana yi mini tsiya: "Kai tela, wanga tuƙi naka ko agwagwa ta yi ma dariya!"

Da farko ba abin gani sai toka da baƙaƙen kututturai. Da damina ta sauka ciyawa ta yi toho, kaɗanyar da muka fid da rai da ita ta tsiro daga gindi, bado ya rufe bakin ruwa, zalɓe ya koma wurin tsayuwarsa. Na ce, "Kawu, ai daji ya warke." Ya girgiza kai. "Ganye ba shaida ba ne, ɗana. Sai zuma ta komo za mu san daji ya yahe muna."

Abin da ya tsaya masa a rai ke nan, kada ya tafi bai san amsar ba. Yana jingine da bango ya saƙa amya guda, ya turara ta, na hau wata ɗorawa da wuta ta bari na rataye. Duk zuwa sai ya ce in ɗaga filafili, ya kafa hannu a kunne. Shiru. Sai ya ce, "Mu tahi, ba su shirya ba."

Bayan sadakar bakwai na tuƙa ni kaɗai, da niyyar sauko da amyar in kai wa matarsa, Inna Kulu. Ban kai gaɓa ba na jiyo gunjinsu. Bakin amyar ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma, suna shiga suna fita. Ban san sa'ad da na ɗaga murya na ce, "Kawu, sun shiga!" ba. Na dubi goshin jirgi, ba kowa sai ƙwaryar kwarfar ruwa. Wallahi na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Na bar musu gidansu na juyo.

Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya ba Inna Kulu da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.