Kibod ɗina da Gwangwanin Inna

Mun bar Zariya da asuba, ana sallame salla muka shiga mota, ni da abokin tafiyata da direban unguwarmu wanda zai sauke mu a filin jirgin Kano. Abokin nawa ɗan kasuwar kayan waya ne, Dubai ta zame masa kamar Sabon Gari. Ni kuwa wannan ne karon farko da fasfona zai sha hatimi. Hanyar Kano kun san halinta, aiki ake ta yi, nan a karkatar da kai hagu, can a maido ka dama, tirela tana huci a ƙeyarka. Mun tsaya Kwanar Dangora muka sha shayi, mai shayin yana zuba madara kamar mai ɗiga maganin ido.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a shafin nan sun san cutar da ke damuna, amma saboda baƙi bari in faɗa. Shagon buga takardu gare ni, kuma ni mayen kibod ɗin kwamfuta ne, irin wanda mutum yake haɗawa da hannunsa. Kowane maɓalli da nasa ɗan inji a ƙasa, mu muna ce masa suwic, sai ka buɗe shi ka shafa masa mai da ɗan buroshi, ka liƙa shi da dalma, sannan ka ɗora masa hula. Nawa na haɗa shi ne a 2016, shekarar da dala ta haukace. Gangar jikinsa alminiyam ce, gindinsa tagulla, in ka ɗaga shi sai ka yi zaton dutsen niƙa aka miƙo maka. Kusan shekara na yi ina jiran kayansa su iso, kuma abin da ya ci ko matata ban taɓa faɗa wa gaskiyarsa ba. Wani ɗan Filifin da ke zaune a Dubai, wanda muka saba a zauren intanet na masu irin wannan sha'awa, ya ga hotonsa ya ce yana so ya gani da ido. Ni kuma na riga na gama lissafi: in sayar, in sayo injin fotokwafi, in dawo ana nuna ni.

Ana gobe tafiya maƙwabciyarmu ta shigo gidana. Dattijuwa ce, duk layinmu Inna muke ce mata. Ɗanta yana Dubai yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shekaru ke nan bai yi Salla a gida ba. Ta zo da babban gwangwanin madara an ɗaure shi da tsohon zane. Ta ce kasonsa ne na naman layya, ta mai da shi dambu da kanta, ta soya shi ya bushe don ya jure tafiya. Ta ce kowace shekara tana cire masa kasonsa, sai dai ya ƙare a bakin wasu don babu mai kai masa, bana dai Allah ya kawo ni. Na karɓa da hannu biyu na ce ta sa a ranta ya riga ya ci.

A filin jirgi sikeli ya nuna kayana sun wuce kilo. Abokina nasa sun cika maƙil da kilishi da goro na mutanenmu da ke unguwar Deira ta Dubai, rabin jakata ma kayansa ne. Ma'aikaciyar ta ce ko in biya kuɗin ƙarin kaya ko in rage. Ina da abin biya a aljihu, wannan sai na faɗa don kada wani ya nema mini uzuri. Na tsuguna na zuge jaka, ga akwatin kibod, ga gwangwanin Inna. Ban yi wani dogon tunani ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na ciro gwangwanin na fita na miƙa wa direba, na ce ya kai gidana a ajiye, kada a yi maganar da kowa. Abokina ya kalle ni ya kawar da kai, ya ce yalla mu je.

Mun yada zango a Adis Ababa, sannan muka ƙarasa. Ana buɗe ƙofar filin jirgin Dubai wani zafi mai damshi ya rufe ni, gilashin idona ya yi hazo, na tsaya ina lalube kamar wanda aka ɗauke wa wuta. Masauki muka kama a Deira, ɗan ɗaki mai gado biyu a saman shagon masu kago, wato masu aika kaya gida. Unguwar nan duk inda ka juya sai ka ji Hausa, ga mutanen Kano suna ciniki da Larabcin da bai wuce kalma biyar ba, kuma ana sayar musu. Ga 'yan dako 'yan Pakistan suna tura kura cike da katan, ga ƙamshin turaren wuta yana faɗa da na gasasshiyar kaza. Shayinsu mai kauri da suke kira karak dirhami ɗaya ne, kuma mai shayin Kwanar Dangora ya kamata a turo shi nan ya ga yadda ake zuba madara. Na hau jirgin ƙasan da ba shi da direba, na ƙetare ruwa a kwalekwalen abra, duk na yi hotuna, kun ma gani.

Washegari na rungumi akwatina na hau bas zuwa International City, inda mutumin nan ya ce mu haɗu. Gidaje ne iri ɗaya reras, a gefensu wata kasuwar 'yan China mai rufi wadda tsawonta ya isa mutum ya gaji. Ɗan Filifin ɗin ma'aikacin jinya ne, mutum mai fara'a. Ya buɗe akwatin, ya shafa tagullar, ya buga 'yan layuka yana lumshe ido. Ya yaba ƙwarai. Da na faɗi kuɗin da nake so sai ya yi ɗan murmushi, ya ce in zo ya nuna mini wani abu.

Ya kai ni wani ɗan shago a can cikin kasuwar. Kibod ne jibge har rufi, irin namu na haɗawa, amma jikinsu roba. Ba dalma, ba ƙona yatsa, ba jiran shekara. Suwic ɗin da babban yatsa kake danna shi ya zauna, in bai yi maka ba ka cire ka sa wani. Huluna kuwa a leda ake sayar da su kala-kala kamar alewa. Wani mai gadi sanye da kayan aikinsa yana tsaye yana zaɓar wa 'yarsa masu ruwan hoda. Na tambayi kuɗi, aka faɗa mini abin da bai kai na takalmin da ke ƙafata ba. Na ja guda na buga sunana, na buga na kakana, ina neman aibu. Ƙarar ba ta kai ta nawa zurfi ba, amma sai wanda ya ɓata shekaru yana sauraro ne zai gane. Ɗan Filifin ɗin ya ce da can wannan wasan masu hali ne, yanzu ɗalibi ma yana shiga, shi ya sa kuɗin da nake nema sai dai wani sanannen maƙeri ne ya yi kayan, nawa kuma ba shi da suna. Abin da ya taya ban iya maimaita shi. Gaskiya abin farin ciki ne a ce yaran da ke leƙen kibod ɗina a shago za su iya mallakar nasu, amma a ranar ban ji daɗin komai ba.

A bas ɗin komawa, akwatin yana danne mini cinya, sai gwangwanin Inna ya faɗo mini. Ɗanta ya riga ya turo saƙo cewa Juma'a ce hutunsa, yana jirana. Maimakon in kira shi in faɗi gaskiya, sai na shiga dabara. Abokina ya nuna mini wani bene a Deira inda wata Hajiya take dafa abincin gida, tuwo da miyar kuka har da man shanu. Tana da dambun nama. Na saya, na nemo gwangwanin madara babba, na juye, na ɗaure da wani ƙyalle da na yanka daga tsohon zanen gado. Har murza ƙyallen na yi don ya yi kama da wanda ya sha hanya. Abokina yana kwance yana kallona, ya ce, "Malam, da wannan wahalar ai gara ka biya kilo." Na ci gaba da murza ƙyallena.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Sonapur, unguwar ma'aikata. Wannan ba Dubai ɗin hoto ba ce. Fararen bas-bas ne jere, dogayen gine-gine, kayan aiki shanye a kowace baranda, takalma tuli a bakin ƙofofi. Ɗan Inna ya tarye ni a bakin get. Na san shi saurayi, yanzu har da furfura a gemu. Ya rungume ni yana ta Yaya sannu, Yaya ya hanya, ya mutanen layi, yana kiran sunan kowa har da waɗanda suka rasu bai sani ba. Ɗakinsu gadaje ne masu hawa biyu, kowa da labulensa. Ya dafa shinkafa da miyar kaza tun safe, ya tara abokan ɗakinsa, ciki har da wani mutumin Jos da ya fasa fita don a gaisa da baƙon gida.

Da aka gama ci na ciro gwangwanin na ce, "Ga saƙon Inna."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗan jima yana kallon ƙyallen, sannan ya kwance, ya zuba a faranti ya tura tsakiya. Ya ce wa abokansa, "Bismillah, Yayana ya kawo mana tsaraba." Suka ci suna santi, mutumin Jos har ya ce rabonsa da dambu tun bikin ƙanwarsa. Shi kuwa ɗan kaɗan ya ɗiba. Na lura bai ce daga Inna ba, amma na ce wa kaina dabara ta yi.

Da la'asar ya rako ni tashar bas. Muna tsaye a inuwar wani gini sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, Inna ta kira ni tun ranar da kuka taso. Matarka ta mayar mata da gwangwanin, ta ji tsoron kada ya lalace a ajiye. Inna ta ce ma'aikatan filin jirgi ne suka hana, ta ce in ka zo kada in tayar da maganar." Ya ƙara da cewa, "Ba don komai na faɗa ba, sai don kada ka koma gida ka ce mata ka ba ni. Khalas, ya wuce. Na gode da ka zo."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Bas ya zo, shi ya biya mini ma da katinsa. Ya miƙo mini wata leda ta tagar, dabino da turare da mayafi, ya ce in kai wa Inna. Wannan ledar a cinyata ta yi tafiya har Zariya, ko bayan gida zan shiga a jirgi da ita nake zuwa.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Na raka abokina wajen masu kago, na sayi ƙananan kibod ɗin roba guda biyu don shago, fotokwafi kuwa sai dai kallo. Muka dawo ta hanyar da muka je. Matata ta tarye ni lafiya lau, ba ta ce komai a kan gwangwani ba, ni ma ban iya haɗa ido da ita ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Kayan da nake taƙama da su don tsadarsu sun zama na kowa, kuma hakan ya yi kyau. Amma saƙon da aka damƙa wa matafiyi ba a samun irinsa a kasuwa, ko da an sami mai kama da shi. Duk wanda zai yi tafiya a cikinku, in ya san ba zai kai ba, ya ce ba zai iya ba tun a gida.

Da yamma na ƙetara gidan Inna da ledar. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta rungume mayafin tana shinshinawa. Ta tambaya ko ya rame, ko yana samun abinci, ko ɗakin nasu da iska. Na amsa duka. Sannan na ce, "Inna, ba ma'aikata ne suka hana ba. Ni na cire, don in tafi da wani abin buga rubutu nawa in sayar."

Ta gyara bakin mayafin. Can ta ce, "To, ya sayu?"

Na ce bai sayu ba.

Ta ce, "Ayya. Allah ya kawo kasuwa."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ɗaurinta na nan yadda ta yi shi. Ta ce man ya fara juyawa, ba zai jira wani matafiyi ba, in kai wa jikokinta, wato yarana, su ci kafin ya ɓaci. Na ce ta bar shi, ta ce wa zai ci a nan, ita ba haƙora. Haka na ɗauko shi na ƙetaro layi. Yarana suka zauna a tsakar gida suka cinye kason ɗan Inna suna lashe yatsu, ƙaramar tana miƙo mini tana cewa Baba ɗanɗana, ni kuwa na kasa.