Ruwan Zafi a Tsakiyar Bazara

Wai don Allah, in aka ce muku ɗan wiwi, wace irin fuska kuke gani?

Jan ido, baƙin leɓe, kai ba aski, ko? To ni ba ni da ko ɗaya a ciki, kuma hakan ne ya kusa kashe ni.

Na daɗe ina karanta naku a nan ban ce komai ba. Wannan maganar ma ko matata sai bara ta ji ta. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Daga wani ƙauye a Buji na zo Dutse, lokacin da ake ta gine-gine bayan an ba mu jiha. Na sauka a Limawa gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya kai ni wajen buga bulo. Ban san kowa ba, ko titi tsoron tsallakawa nake. Aikin ya fi ƙarfina. Wani abokin aiki ya ga na galabaita, ya miƙo min wiwi, ya ce, "Ɗan ƙauye, ja wannan, kwaɓin siminti zai zame maka kamar damun fura."

Na ja. Na yi shekaru ina ja a bayan tulin yashi, in kurkure baki, in tauna citta, in wuce masallaci.

A gida kuwa yabo nake sha. Matar Kawu, Inna muke ce mata, takan ce wa 'ya'yanta, "Ku dubi yayanku, ko an taka shi ba ya ɗaga kai."

Bayan an fara shari'ar Musulunci wani ciwo ya taso min. Amai da sassafe, ba tsayawa, cikina kamar ana murɗa tsumma. Abu ɗaya ne yake ba ni sauƙi, ruwan zafi. Tsakiyar bazara, kowa yana neman inuwa, ni ina banɗaki ina sheƙa wa kaina ruwan da ya kusa tafasa. Itacen Inna ya dinga ƙarewa. Ta ce wannan iska ce. Aka yi hayaƙi, na sha rubutu, shiru.

Kawu ya kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka duba zazzaɓin sauro, aka duba taifot, aka ce ko olsa ce, aka yi hoton ciki. Ba a ga komai ba. Ƙarin ruwa kawai. Ragon da Kawu yake kiwo don layya, a nan ya tafi.

Likita ya tambaya, "Yana shan wani abu? Taba, ko wiwi?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Haba likita, dubi yaron nan fa. A sahun gaba yake salla."

Likita ya dube ni, ya yi murmushi, ya wuce gado na gaba. Ni kuma na yi gum. Bulala a gaban jama'a nake hangowa, da sunan Kawu a unguwa.

Da an sallame ni sai in koma in ja, wai don in iya cin abinci. Sai aman ya dawo. Na rame har wandona sai da igiya. Wallahi na sa a raina mutuwa zan yi, kuma ban san me zai kashe ni ba.

Kwanciyata ta ƙarshe wata likita ce ta duba ni. Ta ce wa Kawu, "Baba, a taimaka a karɓo masa magani." Yana fita ta jawo kujera.

"Malam, ni ba alƙali ba ce, ba ni da bulala. Me kake sha?"

Na faɗa mata ina kuka.

Ta ce, "Ban tabbata shi ne ba, amma ka bari mu gani. Ƙodarka ta fara gajiya da rashin ruwa, ba za ta jira ka ba."

Na bari. A hankali aman ya tsaya. Sai wata masifar ta zo. Barci ya ƙi, idona ya yi ja, ga gumi, ga zafin rai. Wata rana na daka wa Inna tsawa a kan tuwo ya yi sanyi, Innar da ta ƙarar da itacenta a kaina.

Nan take unguwa ta ɗauka, wai yaron gidan Malam, wato Kawu, ya fara shan wiwi.

Kawu ya kira ni zaure. "Faɗa min gaskiya kafin 'yan Hisba su faɗa min. Ka fara shan abin nan?"

Na ce, "Kawu, ba farawa na yi ba. Dainawa na yi."

Sai ya ce, "To wancan mai haƙurin da muka sani, wane ne?"

"Wallahi Kawu ni ma ban sani ba."

Wannan ya fi aman ba ni tsoro. In haƙurin nawa na hayaƙi ne, ni me ya rage min? Na ce masa in ya kore ni ban ga laifinsa ba.

Ya ce, "Ka kwaso tabarmarka ka dawo zauren nan kusa da ni. Ko wane ne, ma gan shi tare."

Sai da aka yi watanni barci ya dawo. Wanda ya fito ba mai shirun nan ba ne. Ina da surutu, ina fushi, ina dariya har a jiyo ni a waje. Inna ta ce, "Ashe kana da baki."

Alhamdulillahi. Allah ya jiƙan Kawu, ya saka wa Inna da likitar nan da ban ma san sunanta ba.

Roƙona gare ku, in kun kai mara lafiya asibiti, kada ku amsa masa tambaya, ku ɗan fita waje. Kai kuma mai ciwo, faɗa wa likita abin da kake sha. In kun ga mutum ya birkice, ku tambaye shi tukuna, wataƙila dainawa yake yi.

Bari in tafi, an kwaɓa siminti, ba ya jira. In na tashi kuma, da ruwan randa zan yi wanka.