Ranar da Aka Kira Ni Wurin Juri

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, har da sunan tuwon da na ci jiya, akwai wata Laraba da ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da na sa babbar rigata ta Salla na tafi kare mutuncina a makarantar koyon sana'a ta garinmu.

Ni mai walda ne a Cadawa, ƙofofi da tagogi da amalanken jaki su ne abincina. Na yi lakol, wato makarantar boko, kada wani ya raina ni. Aji huɗu na kai kafin mahaifina ya ga gero ya fi buƙatata. Faransancin da na fito da shi ya isa in gaisa da jandarma, in kuma gane in yana zagina.

Farkon abin, daraktan makarantar ne ya tsaya da babur a ƙofar shagona. Yaro ne sa'an ɗana na fari, mai yawan ladabi, kuma ladabin nan ne ya fara sa ni zargi. Tun da nake ban taɓa ganin mutumin buro, wato ma'aikacin ofis, ya durƙusa wa mai walda a banza ba. Ya ce suna neman masu sana'a na gari su taimaka musu: kafinta ya ba da guntayen katako, tela ya ba da ƙyalle, ni kuma in ba da tsohon ƙarfe yara su koyi yanka da liƙi. Na dube shi sama da ƙasa ina neman inda tarkon yake. Da ban gani ba, sai na ce lalle tarkon na gwani ne. Duk da haka na loda musu amalanke guda, don kunya ta fi ƙarfina. Daga baya ma na karɓi ɗalibansu suna wuni wurina, ina koya musu da ido ɗaya, ɗayan yana kan kayan aikina.

Ana nan sai labari ya cika kasuwa cewa an sace wa wani Bafulatani ƙarfen da ke riƙe tayoyin amalankensa. A cikin lodin da na ba makaranta kuwa akwai irinsa, wanda na saya wurin 'yan gwangwan a Gazawa. Ban gama juya wannan a rai ba, sai ga darakta ya tsaya bai ko kashe babur ba. Ya ce, “Baba, ranar Laraba ana buƙatarka wurin juri. Kan maganar ƙarfe ce. Ka zo da wuri, manya za su zauna.” Ya ja babur ya bar ni da hayaƙi.

To ni juri na san ta. A rediyo na ji ta, lokacin da ake ba da labarin wata shari'a ta masu manyan laifuka. Juri su ne masu zama a jere su ce a ɗaure mutum. Nan take komai ya fito mini fili: ladabin, durƙuson, ɗaliban da ke wuni suna kallon hannuna. Ashe shaidu aka dasa mini! Mai walda kuwa ba shi da jari sai sunansa. Ranar da aka ce yana karɓar kayan sata, ko ƙusa ba wanda zai sake kawo masa.

Na nufi wurin maƙwabcina kafinta, Bagobirin Gidan Runji, wanda wasan da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawa ya ba shi izinin cin mutuncina tun muna samari. Na zayyana masa komai. Ya ajiye zarto, ya girgiza kai kamar mai gaisuwar mutuwa. Ya ce, “Wanga al'amari babba na. Amma kak ka damu, Bakatsine, in an rufe ka ni ka kai maka hura.” Na tambaye shi ko in nemi lauya, ya ce in dai tafi da tabarma da buta. Ban lura bakinsa na rawa ba. Mai ɗakina ce ta ce in koma in tambayi daraktan dalla-dalla, na ce mata ba a tambayar mafarauci inda ya haƙa rami.

Ranar Laraba na isa. Abu na farko da na gani jandarma ne a bakin ƙofa. Daga baya na ji ashe 'yarsa ce ke koyon ɗinki, amma a lokacin na riga na yanke hukunci ni ya zo kamawa. Cikin rumfa ga dogon tebur, ga mutane a jere, ga ƙarfena an baje a ƙasa, an mai da shi murhu da tagogi. A tsakiyar masu zaman kuma, wa zan gani? Bagobirin nan, da hula sabuwa, ya haɗe rai kamar alƙali.

Darakta ya taso ya nuna mini kujera. Na ƙi zama. Na gyara riga, na jawo ɗan Faransancina na ce, “Mushe, kafin a fara, ƙarfen nan a Gazawa na saye shi, da rana tsaka, gaban mutane. A kira Bafulatanin ya duba.”

Darakta ya ce, “Wane Bafulatani, Baba?” Sai kafinta ya zame daga kujera yana riƙe da ciki don dariya. Da aka samu ya numfasa ya ba da labari, daraktan ya kama hannuna ya ce juri a nan su ne masu duba aikin ɗalibai ranar jarrabawa, su ce wane ya ƙware, wane da saura. Ya ce sun tambayi masu amalanke wa za a kira a ɓangaren ƙarfe, kowa ya ce ni, don liƙina ba ya ɓallewa a hanya.

Na zauna a hankali, kamar dama gwada su nake. Na ce a kawo guduma. Duk tagar da aka aje gabana sai na buge ta a mahaɗa, wadda ta yi ƙara mai kyau ta wuce, wadda ta yi gyaɗa-gyaɗa na nuna wa mai ita inda wuta ba ta ci ba. Har yau kowace shekara ana kirana, kuma zargi na nan, sai dai na mai da shi kan walda.

Abin da na koya shi ne, rabin sani ya fi jahilci saurin kai mutum rami, don jahili yana tambaya. Kuma ba duk wanda ya durƙusa maka ne yake auna inda zai kayar da kai ba. Wani girmanka ya zo kawo maka, kai kuma ka tare shi da sanda.