Baƙaƙen Haƙoran Fiyanonmu

A cocinmu da ke Malumfashi akwai wani ƙaton fiyano baƙi mai ƙafa uku, wanda wani Baturen auduga ya bari da zai koma ƙasarsu. An ce a motar auduga aka kawo shi daga Funtua, kuma tun da aka sauke shi a kusurwar nan bai sake motsawa ba. Ni ne mai kaɗa shi. Lokacin ina koyarwa a firamare, kaina cike da ƙananan littattafan soyayya da nake saye a tasha, irin waɗanda a cikinsu yarinya ba ta taɓa kuskuren gane mai sonta na gaskiya.

Na kula da fiyanon nan kamar mai jinya. Da rani nakan ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinsa don kada katakon ya bushe ya tsage. In na danna haƙori ɗaya na riƙe, sautin yakan bi daɓe ya hau ƙafata, ya daɗe kafin ya mutu. Sai dai ina da abin da nake ɓoyewa: fararen haƙora kawai na iya. Tsohon da ya koya mini ya rasu kafin mu kai ga baƙaƙen. Saboda haka kowace waƙa daga wuri ɗaya nake ɗauko ta, mawaƙa kuma sun saba, sai na buga sautin farko sannan su ɗaga murya su same ni a can sama.

Mai ba da waƙa wata yarinya ce, 'yar shugabar mata; uwar ce kowa ke kira Mama. Yarinyar doguwa ce, mai wushirya, tana ɗinki a ƙofar gidansu. Saboda ita nake guge rigata ranar Asabar. In an tashi daga koyon waƙa takan ciro kanumfari daga bakin zanenta ta tauna, tana shafa wuya.

"Malam, yau ma ka kai ni sama kamar za ka rataye ni," in ji ta.

Sai na koma gida na rubuta maganar a bayan littafin darasi, ina murmushi.

Ana nan sai ɗan wata Bayarabiya mai shagon atamfa a Funtua ya dawo daga Ikko. A Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Wata Asabar da la'asar ya faka babur a ƙofar coci, ya shigo da wani abu naɗe cikin zane a hammata. Da ya buɗe, sai ga fiyano na lantarki, tsawonsa bai wuce tabarmar yaro ba. Babu katako, babu tsirkiya, batura ne cikinsa kamar rediyo. Na taɓa haƙoransa na ji su sakwa-sakwa, ba nauyi. Na yi dariya a raina.

Mama ta ce a gwada shi. Yarinyar ta ɗauko waƙa daga inda na saba mata. Bai bari ta kai baiti na biyu ba.

"Tsaya, ƙanwata. Wa ya ɗora ki a kan wannan tsani? Sauko. Fara daga inda muryarki take so, ni zan biyo ki."

Ta kalle ni, ta kalle shi, sannan ta fara a ƙasa, a hankali. Ya danna wani ɗan maɓalli sau uku, sai ga kiɗan ya sauko ya zauna daidai ƙarƙashin muryarta. Ban taɓa jin wannan murya ba. Mai kauri ce, mai ɗumi, kamar kunun da aka sauke yanzu. Shekara uku ina kaɗa mata, ban san tana da ita ba.

Mama ta tafa hannu. "Kai jama'a! Ashe haka muryar 'yata take, muka bar ta tana kukan zakara?"

Aka kwashe da dariya. Ranar ba ta tauna kanumfari ba.

Da za a watse ya zo ya dafa kafaɗata. "Malam, kada ka ɗauka wani gwani ne ni. Ni ma farare kawai na iya. Injin ne yake sauko mini da su." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na zama wani mutum daban. Na gaya wa dattawa cewa abin wasan yara bai dace da ɗakin Allah ba. Ba su saurare ni ba, kiɗan coci ya koma hannunsa. Nakan zauna a benci ina fatan baturansa su mutu a tsakiyar waƙa, sau ɗaya kuma sun mutu, ya canza su yana wasa da dariya, ba wanda ya damu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fiyanonsa yana tafiya, nawa ba ya tafiya. Biki a Kafur, suna a Bakori, ko'ina da shi ake zuwa. Wata safiya na gan su sun wuce ƙofar makarantarmu, ita a bayan babur, ta rungume fiyanon a cinyarta kamar jariri. Na tsaya da alli a hannu har 'yan aji suka fara leƙen taga su ga abin da nake kallo.

Sai na ƙudura zan koyi baƙaƙen haƙora. Ba malami, ba littafi. Kullum in an tashi makaranta na wuce coci, na tuno muryarta a kunnena, na yi ta lalube har na gano inda take zaune. Yatsuna suka yi ta tuntuɓe. Masara ba ta wuce ƙwaurin mutum ba na fara, sai da aka yanke dawa na iya waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba kuskure.

Ranar godiyar kaka, an jera buhunan masara da dammunan dawa a gaban coci, na roƙi Mama a ba babban fiyano waƙa ɗaya. Ta ce, "To, ɗana, amma a tausaya wa wuyan mutane." Na buga sautin farko. Yarinyar ta juyo da sauri. Sannan ta buɗe baki, muryarta ta shiga cikin katakon nan, su biyun suka cika ɗakin har na ji benci yana rawa a ƙarƙashina. Injin mai babur bai taɓa yin haka ba, kuma na san shi ma ya sani.

Bayan an tashi ta zo ta tsaya kusa da ni. Na riga na shirya abin da zan faɗa, na ma haddace shi.

"Malam, ashe yana iya saukowa?" in ji ta. "To duk shekarun nan me ya hana?"

Na hau goge baƙaƙen haƙoran da hannun rigata.

Ta shafa murfin fiyanon. "Mama za ta zo ta same ka. Bikinmu bayan Kirsimeti ne. Shi da kansa ya ce babban za a kaɗa mana, wai nasa na yawo ne."

Na kaɗa musu. Ta ba da waƙa ɗaya da kanta cikin kayan amarci, a ƙasa, inda muryarta take so, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ango ya tsaya gefe yana gyaɗa kai. Nasa fiyanon yana jingine a bango cikin zanensa, ni kuma duk lokacin da na ɗaga ido daga baƙaƙen haƙoran nan, ƙaramin fiyanon nan nake harara.