Fayafayan Baffa a Gonar Dawa

Ranar nan ina cikin mota a kan hanyar Garaku, sai wani abu ya haske mini ido daga cikin gona. Faifan sidi ne aka rataye da zare don korar tsuntsaye, yana ta juyi a iska. Da kai ne ka gani, wucewa za ka yi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na san gonar, ta mijin ƙanwata ce, kuma na san inda ƙanwata ta samu fayafai.

A gidanmu na unguwar Liman Abaji muka tashi tare da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Ma'aikacin gwamnati ne, Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya zuba ƙaunarsa a kan fayafayan fim. Na Hausa, na Indiya, na 'yan kudu, har da masu dogon zango irin na talabijin, duk suna jere a wata kabad mai gilashi da makullinta ba ya barin aljihunsa. Ɗakinsa yana ƙamshin sabon kwali da turaren wuta. Ko a zafin bazara, lokacin da kowa ke neman iska, labulen tagarsa a sake yake, wai rana tana lanƙwasa faifai.

Duk Asabar bayan la'asar abokansa masu tara fayafai irinsa sukan zo da abin da suka sayo, ya duba musu. Akwai wani bakanike daga Sabon Gari da Baffa ba ya bari ya taɓa komai sai ya wanke hannu da omo. Baffa ba ya fara kunnawa. Sai ya zura ɗan yatsa a ramin tsakiya, ya ɗaga labule kaɗan, ya karkata bayan faifan ga haske. In fari ne kamar azurfa, na kamfani ne. In ya yi shuɗi-shuɗi, a shago aka kwafa. Sai ya murza hoton kwalin da babban yatsa ya ga ko tawada za ta biyo shi. Bayan nan ya kunna, ya tsallaka tsakiya, don a cewarsa farkon fim kowa yana gyarawa. Yana neman wurin duhu, inda hoton jabu yake farfashewa kamar gidan dara. Hukuncinsa gajere ne. Ko ya ce, "Ajiye," ko ya ce, "A ba yara."

Ni ce yarinyar da ta fi kowa maƙalewa a ƙofar ɗakin nan. Wallahi ko aikena aka yi, da gudu nake dawowa. Ƙanwata kuwa ba ruwanta, tana can tsakar gida tana wasan 'yar carafke.

To, wata damina kunnen Baffa ya fara nauyi, ya ce yana son yaro mai kunne ya riƙa zama kusa da shi. Ya kira mu mu biyu, ya sa wani fim ɗin Indiya da aka yi wa fassara. Ana ruwa a waje, kwanon rufi yana ƙara, ni dai na nutse. Da ya tsayar, hawaye ya jiƙa mini wuyan riga. Ya ce, "Me kika lura da shi?"

Na ce, "Baffa, uwar ce ta mutu, yaron bai sani ba."

Ya juya ga ƙanwata, wadda tun ɗazu take ɓarar gyaɗa tana hamma. Ta ce, "Bakin matar yana riga muryarta."

Baffa ya mayar baya, ya ƙura ido, ya yi murmushi. Ya jawo 'yar kujerar da ke gefen kabad ya ajiye mata, ya miƙa mata farin ƙyallen da yake goge fayafai da shi. Ni kuma ya shafa kaina ya ce, "Ke 'yar kallo ce."

Ba zan ɓoye maka ba, kishi na ji. Shekaru na yi ina jin sa. Na koyi komai daga bakin ƙofa. Na san ana goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Na san wanda aka ɗauka a ɓoye a silima, da za ka ji tarin wani ƙato a tsakiyar waƙa. Na san mai dogon zangon da aka yanke masa kashi guda aka haɗe. Amma da an kunna, labari ya kwashe ni, sai in manta abin da nake nema. Ita kuwa tana zaune a kujerar, fuska ba yabo ba fallasa, sai ta ce, "Nan ya yi tsalle," manyan mutane su gyaɗa kai. Innarmu takan ce mini, "Ke da ƙanwarki? Ki ji kunya mana." Na ji kunyar, amma kishin bai tafi ba.

Da Baffa ya tsufa, duk mun yi aure, ya kira mu ɗakin nan. A gabana ya ciro makullin ya danƙa mata, ya ce ya ba ta kyauta, ita ce ta san darajarsu. Na ce Allah ya sa albarka. Allah ne kaɗai ya san yadda maganar ta fito.

Shi ya sa ranar nan na ce wa direba ya sauke ni. Na kutsa cikin dawar da takalmin unguwa. Ga su nan reras a kan zare daga wannan kunya zuwa waccan, bayansu fari kamar azurfa. Na tsinko guda, na nufi gidanta ina huci. Na same ta tana tankaɗe, na ɗaga mata shi.

Ta ce, "Yaya, lafiya? Tsuntsaye ne suka dame mu bana."

Na ce, "Na Baffa ne fa."

Ta karkaɗe hannunta ta ce, "Ai da kin ce kina so, da tuni na kai miki. Ni fim ciwon kai yake sa mini tun muna yara. Don ya ce in zauna ne nake zama."

Ashe shi ya sa take jin abin da ba na ji, labarin bai taɓa shiga ranta ba. Kuma ka ji halin ɗan Adam, a tsaye a wurin sai na ji wani sabon kishin, na yadda ta riƙe abin da na yi shekaru ina mafarki, ta sake shi ko a jikinta.

Ta sa aka kwance mini su duka, na taho da su a buhu. Yau ko na'urar kunna su babu a gidana, na tambaya a Sabon Gari, yaran shago suka yi mini dariya. 'Ya'yana a waya suke kallo, hoto ya tsaya ya farfashe, ba wanda ya damu, su latsa wani. Jiya na ciro guda, na zura yatsa a ramin, na karkata shi ga hasken taga. Rana ta cinye shi, bayansa duk ya ɓare, ga kashin tsuntsu a gefe. Da Baffa ne zai ce a ba yara. Na goge shi daga tsakiya zuwa baki, na ajiye.